Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Ma'adinai, daga wani tela da zai bar Akokan

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon abin da aka ɗora muku.

Ni tela ne a Akokan, garin haƙar uraniyom da ke gefen Arlit. A nan aka binne cibiyata, a nan na koyi taka keke, a nan kuma iyayena biyu suke kwance. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai rai, zan loda kekunan ɗinkina biyu da katifu da tukwane da iyalina, mu bi ta Agadas, mu gangara Tanut da Damagaram, mu ƙarasa Tasawa, garin da mahaifina ya baro tun ban zo duniya ba. Kaya sun ɗauru. Abin da ya rage mini shi ne wannan takarda, don ba na son in fita garin nan sum-sum kamar wanda ya ci bashi ya gudu da dare. Maƙwabtana da yawa haka suka tafi. Ka kwana da mutum a layi ɗaya, ka wayi gari ka ga kwaɗo a ƙofarsa, kuma babu wanda ya tambaye shi me ya kore shi, balle ina ya nufa.

Ban taɓa aikin kamfani ba, ranka ya daɗe. Ban taɓa shiga rami ba, ba ni da lambar ma'aikaci, ba na cikin kowace sandika. In kuka buɗe takardun da ke ofishinku a Yamai ba za ku ga sunana ba. Ba za ku ga na mahauci ba, ko mai shayi, ko mai faci, ko matar da ke suyar ƙosai inda motocin ma'aikata ke tsayawa, ko mai garkar da ke kawo salati da tumatir kasuwa. Alhali irinmu ne muka fi yawa a Arlit da Akokan. Albashi ɗaya da ya fito daga rami, bakuna masu yawa ke ci a bayansa, kuma ranar da albashin ya tsaya mu ne ba mu da ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Mahaifina mahauci ne. Bayan farin 1973 da 1974 ya share dabbobi a ƙasarmu, sai ya ji labarin wani gari da aka kafa can arewa da Agadas, a tsakiyar hamada, inda ake biyan mutane kuɗi duk wata. Ya hau motar kaya da wuƙarsa da tabarmarsa. A lokacin Somaïr, kamfanin haƙar da ke Arlit, ta riga ta fara fitar da uraniyom tun 1971. Cominak kuwa, kamfanin da ke wajen Akokan, an kafa ta a 1974, ana ta haƙa a Akuta, sai a 1978 ta fara fitarwa. Da ya iso ya tarar da gari biyu a wuri guda. Ga gidajen kamfani layi-layi, da ruwan famfo da lantarki da kanti da asibiti, har aka riƙa kiran Arlit ƙaramin Paris. Ga kuma bukkokin da irinsa suka kakkafa a gefe da kwali da langa-langa da tsofaffin buhuna. Har gobe akwai unguwanni a Arlit da ake kira Bukoki, sunan bai goge ba.

Waɗanda suka zana garin a takarda, ma'aikata suka zana wa, na iya shekarun da rami zai yi. Mu ba mu cikin zanen. Mu dai muka zo muka mai da bukka ɗakin ƙasa, muka gina masallatai da makarantun allo, muka zauna da Abzinawan da makiyayarsu ce aka haƙa, muka yi auratayya da su da Zabarmawa da Barebari da Fulani. Matata mutuniyar Tawa ce. Ƙanwata Ba'abzine take aure. 'Ya'yana, in ka tambaye su 'yan ina ne su, Akokan za su ce maka, Tasawa kuwa garin kaka ce da ake zuwa hutu a sha fura a dawo. Sansanin aiki aka yi niyya, amma gari ne ya tsiro, gari mai maƙabarta. Wannan shi ne abin da nake ganin har yau ba a yarda da shi ba a ofisoshi.

Duk wanda ya yi sana'a a nan ya san kalandar garin. Ƙarshen wata shi ne damanarmu. Sau goma sha biyu a shekara ruwa ke sauka, a biya mai kanti, a biya mahauci, a biya tela, a aika wa tsofaffi a Maradi da Doso da Difa. Da asuba ƙarar motocin da ke kwasar ma'aikata ita ke tashin yara makaranta. Ina da littafin bashi mai baƙin bango, kuma ban taɓa jin tsoronsa ba, don na san ranar da za a share kowane shafi. Da azumi, kafin goma ga wata na daina karɓar ɗinki. Shadda da atamfa sukan taru har rufin shago, ni da yarana uku muna taka keke har sahur.

Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta tsaya, bayan shekara 43 tana fitarwa, bayan tan wajen 75,000 na uraniyom daga ramin da zurfinsa ya kai mita 250. Ba ƙarar kowa na kawo a kan wannan ba. Rijiya ma tana ƙafewa, kuma tun Oktoban 2019 aka sanar da ranar. Ma'aikata wajen 600 aka sallama da haƙƙinsu. Ɗaruruwan da ke aiki ƙarƙashin 'yan kwangila kuwa, waɗanda suka shiga rami ɗaya suka shaƙi ƙura ɗaya, abin da suka fita da shi bai kama ƙafar na ma'aikatan kamfani ba, kuma sun yi ta kuka a rediyo, kowa ya ji. Masu ɗan kauri suka koma garuruwansu suka yi gini, wasu suka sayi mota, wasu suka zuba kuɗin a haƙar zinariya. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya yi shekara talatin ƙarƙashin ƙasa ya cancanci ya zauna inuwar gidan ubansa.

Mu da aka bari, abin bai faɗo mana rana ɗaya ba. Sannu ya zo, kamar tsufa. Shekarar farko ana cin kuɗin sallama, har kasuwa ta yi kamar za ta motsa. Ta biyu, wanda ke kawo shadda turmi-turmi ya koma kawo tsohuwar riga a rage mata wuya a ba ƙaramin yaro. Ta uku na rufe littafin bashi na sa shi ƙarƙashin akwati, don kusan duk sunayen da ke ciki sun bar gari, waɗanda suka rage kuwa kunya ba za ta bar ni in tambaye su ba, na san abin da ke tukunyarsu. Sallar da ta wuce na gama ɗinkina duka tun kafin daren ashirin da bakwai, na zauna bakin shago ina kallon layi. Yarana uku na shago, biyu suna Cibarakaten suna haƙar zinariya a ramukan da ba su da hular kwano balle asibiti. Na ukun ya bi ta Asamaka ya shiga Aljeriya. Wanda ya fi su hannu a aikin surfani ne, na so in bar masa shagon.

Gidana na sa shi kasuwa tun bara. Ɗaki huɗu ne da zaure, da hannuna da na mahaifina muka ɗora tubalinsa. Masu tayawa biyu suka zo, kuma abin da suka taya bai kai kuɗin ƙofofi da kwanon rufi ba. Ba mugunta suka yi ba. Wa zai zuba dukiyarsa a garin da babu wanda ya san ko nan da shekara goma famfonsa zai kawo ruwa? Wannan rashin sani shi ne ya kore ni, ranka ya daɗe, ya fi talauci ciwo. Talauci mun san shi, mun gaje shi, mun iya zama da shi. Amma a ce kana da ɗa ɗan shekara goma sha biyar, ya tambaye ka ko ya koyi ɗinki ya gaje ka ko ya nemi wani abu, ka rasa abin ce masa don kai ma ba ka san ko za a yi garin ba, wannan ba a zama da shi.

Sai maganar tudun nan. Kun san shi a takarda, mu muna ganinsa da ido. Dusar da ta rage bayan an tace uraniyom, tan wajen miliyan 20, jibge a kan hekta 120, wani wurin tsayinta mita 35, 'yan kilomitoci kaɗan daga ɗakunan da yaranmu ke kwana. Da aka rufe rami an gaya mana za a lulluɓe ta da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu, aikin shekara goma, na kuɗi miliyar 95 na sefa, sannan a ci gaba da sa ido bayan an gama. Mun ga manyan motoci suna hawa suna sauka, hankalinmu ya ɗan kwanta. Yanzu da dangantaka ta ɓaci tsakanin gwamnati da Orano, kamfanin Faransa mai kaso mafi girma a Cominak, tambayar da ke bakin kowa a majalisar shayi ita ce wa zai ƙarasa. Iskar Arlit ba ta jiran hukuncin kotu. In ta taso daga gabas sai ka kunna fitila da rana. Ni da nake kwance keke duk Juma'a ina wanke masa ciki da kananzir, na san irin ƙurar da ke shiga inda aka rufe da ƙyalle ninki biyu. Abin da ya shiga cikin keke, ya shiga ƙirjin mai keke.

Ba yau aka fara wannan magana ba. Ƙungiyar Aghirin'man, wadda Almoustapha Alhacen ya jagoranta har ya samu lambar yabo ta Nuclear-Free Future a 2017, ta fi shekara ashirin tana faɗa. Masu awo na CRIIRAD sun zo daga Faransa a ƙarshen 2003. Ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta zo a Nuwamban 2009, ta ce ta auna wani wuri a titunan Akokan ta samu tururin nukiliya ya ninka na ƙa'ida har wajen sau 500, kuma daga baya an zo an kwashe ƙasar wuraren. An yi maganar tsofaffin ƙarafan da ke fitowa daga wajen aiki su shiga kasuwa, maƙera su mai da su tukwane da ƙofofi. An yi maganar ruwan rijiyoyi. Kamfani yana da nasa alƙaluman, yana cewa bai wuce iyaka ba. Ni tela ne, ba zan raba wannan gardama ba. Amma gwamnati tana da masana da na'urori, tana da hukumar da aikinta ke nan. Me zai hana a riƙa auna iska da ruwa a kan lokaci, a liƙa sakamakon a ƙofar ofishin magajin gari, a karanta shi a rediyo da Hausa da Tamajak, yadda tsohuwar da ba ta yi lakwal ba za ta san wace rijiya za ta sha, wace za ta bar wa wanki? In sakamakon mai kyau ne, ku kuka ci riba, mutane za su zauna. In mara kyau ne, haƙƙinmu ne mu sani.

Ranar 19 ga Yunin 2025, da aka sanar gwamnati ta karɓe Somaïr ta zama ta ƙasa, na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na tashi ina jin manya suna cewa arzikinmu yana haska biranen wasu mu muna kunna aci-balbal. Kamfanin da Faransawa suka yi sama da shekara hamsin suna ciki, har suna da kashi 63 da ɗoriya, yau an ce namu ne. Amma ku malamai ne a kanmu, kun san hukuncin gado: ba a raba dukiyar mamaci sai an fitar da bashin da ke kansa. Wanda ya ce uraniyom ɗin Arlit nasa ne, to tudun dusa ma yana cikin abin da aka bari, da rijiyoyin da aka zuƙe, da tsofaffin da suka bar ƙarfinsu a rami, da garin da ya tsiro a gefe. Ban ce gwamnati ta biya abin da wani ya ɓata ba. Wanda ya ci riba shekara da shekaru dole a sa shi ya gyara inda ya ci, ko ta kotu ko ta teburin sulhu, kuma ku ne kaɗai ke da ƙarfin sa shi. Ƙasa ma, ta hannun kamfaninta Sopamin, tana da kashi 31 a Cominak, ba baƙuwa ba ce a maganar. Abin da nake tsoro shi ne a yi ta jan igiya a kan gangunan garin uraniyom mai rawaya da ke cikin sito, a manta da abin da ke zube a fili, don shi babu mai saye.

Mutanen Arlit sun ga alkawari iri-iri, shi ya sa kunnensu ya yi nauyi. A 2009 marigayi Shugaba Tandja Mamadou ya aza tubalin Imuraren, aka ce za ta zama ɗaya daga manyan ma'adinan uraniyom na duniya. Samari suka yi ta koyon tuƙin manyan motoci, masu gidaje suka ƙara ɗakuna, ni kaina a lokacin na sayi kekena na biyu. Sai hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan na 2011 ya karya farashi, aka dakatar da aikin bayan 'yan shekaru. A Yunin 2024 gwamnati ta janye lasin daga hannun Orano. Har yau Imuraren suna ne da ake ambata in ana son kwantar mana da hankali. Ita Somaïr, tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 hanyar Kwatano da kaya ke bi ta toshe, kuma ba sai an gaya wa mai shago ba in ma'aikaci ya fara ƙirga kuɗin cefane sau biyu. In Somaïr ta yi tari, Arlit duka ke zazzaɓi, har Cirozerin, inda Sonichar ke ƙona gawayi ta ba mu wuta, don kamfanonin nan su ne manyan masu sayen lantarkinta, ɗaya kuwa ya riga ya tafi.

Hanya kuma, ranka ya daɗe, ina roƙonku wata rana ku bar jirgi ku zo ta mota. Hanyar Tawa zuwa Arlit, mai fiye da kilomita 600, don uraniyom aka shimfiɗa ta, sunanta ma ke nan. A yarjejeniyar Mayun 2014 Areva, wato Orano ta yanzu, ta ɗauki alkawarin Yuro miliyan 90 don gyaranta. Duk da haka, tsakanin Agadas da Arlit, tafiyar kilomita wajen 240, direbobi sun daɗe da sanin inda za su bar kwalta su bi rairayi don rairayin ya fi sauƙi. Shekara biyu da suka wuce na raka wata 'yar uwa da haihuwa ta zo mata da gardama aka ce a kai ta Agadas. Ba zan bayyana abin da na gani a bayan motar nan ba. Allah ya yi da sauran kwananta. Wannan hanya ita ke sa buhun hatsi ya iso mana da tsada, ita ke sa mai garka ba zai iya kai albasarsa kudu ba, ita ke sa malami ko likitan da aka turo nan ya fara neman canji tun bai kwance jaka ba. Duk maganar da za a yi ta noma a kwarin Irhazar ko wata sana'a da za ta maye gurbin rami, in babu hanya, magana ce kawai.

Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai a mayar wa ƙananan hukumomin yankin da aka haƙa. Doka ce mai kyau. Shekara da shekaru zaɓaɓɓun yankin Agadas suna kukan kuɗin ba sa zuwa a kan lokaci. Yanzu da babu wani baƙo a tsakani, daga hannun gwamnati zuwa hannun gwamnati ne, ina fatan za a wayi gari a ce wa mutanen Arlit ga abin da ya shigo bana, ga aji nawa aka gina da shi, ga rijiyar da aka haƙa. Asibiti da ruwa da wutar da kamfani ke riƙe da su a Akokan an tsara su koma hannun ƙasa. Karɓar gini abu ne mai sauƙi. Riƙe shi da magani a kanta da likita a ɗaki da injin da ke jawo ruwa daga ƙarƙashin hamada, shi ne aikin, kuma a nan ne mazauna za su gane ko ana son su zauna.

Akwai kuma mu masu tafiya. Ina ganin ba a yi tunaninmu ba ko kaɗan. An kafa cibiyar sa ido kan lafiya a jihar Agadas tun 2011 don tsofaffin ma'aikatan ma'adinai, wannan abu ne mai kyau. To matar da ta yi shekara talatin tana wanke kayan aikin mijinta da hannu fa? Yaron da ya yi wasan ƙasa a titin da daga baya aka zo aka kwashe fa? Mu da muka sha ruwan garin tun muna goye fa? Gobe in tari ya kama ni a Tasawa, ma'aikacin asibitin can zai ba ni maganin mura ya sallame ni, ba laifinsa ba ne, babu abin da zai nuna masa inda na yi rayuwata. Ƙaramin kati zai wadatar, mai cewa wane ya zauna Akokan daga shekara kaza zuwa kaza, da umarni ga asibitocin jihohi su san abin da za su duba in mai katin ya zo. Mutanen Arlit sun watsu a Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai, har Kano da Tamanrasat. In ba a rubuta su yanzu ba, nan gaba ko an so sanin gaskiyar abin da uraniyom ya yi wa jikin mutane, ba za a same su ba.

Na san ƙasa tana cikin yaƙi, na san baitulmali ba ya cike, na san akwai garuruwan da ko rijiya ɗaya ba su da ita, waɗanda za su ce mu 'yan Arlit mun ci zamaninmu. Suna da gaskiyarsu. Shi ya sa babban abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi. Ku zo Arlit, ku zauna a fili ba a ɗakin taro mai sanyi ba, ku kira masu unguwanni da limamai da matan kasuwa da makiyaya da 'yan kwangilar da aka sallama, ku gaya musu gaskiya yadda take. Shekara nawa suka rage wa Somaïr a lissafin masananku. Wa zai rufe tudun Akuta, da kuɗin wa, zuwa yaushe. Ko ƙasa tana nufin Akokan ta ci gaba da zama gari, ko tana nufin a hankali a tattara mutane wuri ɗaya. Ko amsar mai ɗaci ce, mutane za su iya shiri a kanta. Mai gini zai san ko ya ɗora bulo, mai ɗa zai san abin da zai ce wa ɗansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in kuka saurara za ku ji dabarun da ba su cikin rahoton kowa, don mutanen da suka fitar da tumatir da kabewa daga wannan ƙasa ba ragwaye ba ne.

Da an yi wannan zama shekara biyu da suka wuce, wataƙila da ban ɗaure kaya ba. Ba na murna da tafiyar nan. Zan je Tasawa baƙo, ina da shekara kusan hamsin, in nemi rumfa a garin da telolinsa suka san kowa kowa ya san su. Babbar 'yata ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. Autana ya tambaye ni ko za mu tafi da bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gida, wadda kakansa ya shuka ya yi ta ba ta ruwan alwala har ta kama. Aminina Ba'abzine da muka tashi tare ya ce mini shi ba shi da wata Tasawa da zai koma, nan ne farkonsa nan ne ƙarshensa. Saboda irinsa na fi rubuta wannan takarda, don ni ina da inda zan sa kaina, su kuwa iskar nan za su ci gaba da shaƙa.

Jiya da la'asar na je maƙabarta na yi wa iyayena sallama. Rairayi ya fara cinye gefen gabas, wasu kaburburan sai wanda ya san wurin zai nuna. 'Ya'yan masu su suna nesa, ba mai zuwa ya gyara. Na jera duwatsu a kan na mahaifina da na mahaifiyata yadda zan gane su in Allah ya sa na dawo. In za a yi wani aiki a Akokan cikin kuɗin da doka ta ba yankin, ina roƙon a sa katangar maƙabartar nan a ciki.

Makullin gidan na bar shi hannun aminin nawa. Na ce ya sa wanda ba shi da wurin kwana ya zauna kyauta, sharaɗi ɗaya, ya riƙa ba bishiyar ruwa.

Wassalam.

Naku,
wani tela, haifaffen Akokan, jihar Agadas